Uku Suka Shiga, Biyu Suka Fito

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya, shi ma a bayan ƙofa. Sau huɗu ina fara wannan shafin ina yagewa, don da na rubuta layi ɗaya sai in ji kamar Mama na tsaye a kaina tana cewa, "Ke kuma wa ya aike ki?" Ba wanda ya aike ni. In kun ga na yi tuntuɓe a wani wuri ku tsallake ni, ku bi matar yayana, don ita abin ya sama.

Gidanmu gidan masu ilimi ne. Haka Mama take gaya wa duk baƙon da ya kai minti biyar a zaune. Hujjarta kuwa babbar yayarmu ce, wadda take aikin ungozoma a wani asibiti, take sa fararen kaya, har Maman da ta haife ta Sista take ce mata. Akwai ɗakin ajiya a bayan kicin ɗinmu, inda ake tara tsofaffin katifu. Sista ta share shi, ta sa wani gadon ƙarfe da asibitinsu ya zubar, da sandar rataya ƙarin ruwa, da koren labule. Matan unguwa nan suke zuwa su haihu. Takardar izini dai babu, amma ɗakin yana warin maganin goge ƙasa, wanda a wurin Mama ya fi kowace takarda.

Matar Yaya tela ce, Anti nake ce mata. Ta yi awonta a babban asibiti har wata tara. Katinta yana cikin jaka, tare da ƴan rigunan da ta ɗinka wa jaririn da hannunta. Ranar Talata da hantsi naƙuda ta tashi. Ta fito tsakar gida tana dafa bango, tana tafiya a hankali, har tana yi mini dariya don na fi ta rikicewa. Ta ce wa Yaya ya samo mota.

"Mota zuwa ina?" in ji Mama. "Ga asibiti a cikin gida? So kike a ce Sista tana karɓar haihuwar matan waje, matar ƙaninta ta guje ta?"

"Mama, can ne suke da katina."

"Kati ne zai haihu ko ke?"

Anti ta dubi Yaya. Yaya ya dubi wayarsa. Gyaran waya yake yi a kasuwa, kuma duk sanda magana ta yi nauyi sai ya gano akwai abin da ya lalace a tasa. Ya ce, "Ki bari kawai, ai duk ɗaya ne." Ya ɗauki jakarsa ya tafi shago.

Sista ta fito tana sa safar hannu, ta kalli agogo. "Ƙarfe goma. Ina da aiki ƙarfe biyu. Kafin ɗaya mun gama." Ta faɗe shi kamar mai lissafin wanki.

Da an bar ni, da ina ɗaki da littafina. Amma aka ɗauke wuta, ɗakin ajiya kuwa tagarsa ba ta fi tafin hannu biyu ba. Sista ta miƙo mini wayarta ta ce, "Auta, zo ki haska. Tunda karatu kike so, yau ki yi na gaske."

Ta kwantar da Anti a kan bayanta, ta sa mata ƙarin ruwa, ta fasa kwalbar allurar naƙuda ta zuba a ciki. Da ta ga agogo na tafiya Anti ba ta tafiya, sai ta fasa ta biyu, ta buɗe ruwan gaba ɗaya. Ciwon da yake zuwa yana tafiya ya daina tafiya. Anti ta kama ƙarfen gado, ta ce, "Sista, don Allah bari in durƙusa, bayana zai ɓalle."

"Nan ba ƙauyenku ba ne. Kwanta."

"Sista, ni fa a birni aka haife ni."

"To ki haihu kamar ƴar birni."

Da Anti ta yunƙura za ta juya, Sista ta ɗaure mata ƙafafu a jikin ƙarfen gadon da bandeji, ɗaya nan ɗaya can. Da ta yi ƙara, ta ɗaka mata duka a cinya. "Rufe mini baki! Ranar da kike jin daɗinki kin kira ni?" Matar ƙaninta take gaya wa haka, a gabana. Hasken wayar ya yi ta rawa a bango, ta daka mini tsawa in tsaya cak. Daga nan ta hau kan wata ƴar kujera, ta ɗora gwiwar hannunta a saman cikin Anti ta danna da duk nauyinta. Mama tana bakin ƙofa tana cewa, "Yi haƙuri, taimakonki ake yi."

Ban ji Sista ta ce za ta yi mata ƙari ba, wato yankan nan da ake yi don a faɗaɗa wa jariri hanya. Ƙarar almakashin kawai na ji. Anti ta san ƙarar almakashi fiye da kowa a gidanmu, ta ɗago kai ta ce, "Me kika yanka?" Sista ta ci gaba da aikinta. Ƙarfe ɗaya saura minti goma yarinya ta faɗo, kyakkyawa, mai ƙarfin murya. Sista ta kalli agogo ta yi murmushi.

Sai jini. Sista ta nuna mini wani kwanon ƙarfe mai ɗauke da dunƙulallen bandeji. "Miƙo." Na miƙa, ta tura can ciki don ya tare jinin ta samu ganin wurin ɗinki. "Miƙo." Na miƙa. "Ƙaro." Na ƙara. Uku ke nan. Ni mai ƙirga komai ce in na tsorata, har matakalar bene. Akwai allurar kashe zafi a kan tebur, na gan ta, amma sai ta yi minti biyar kafin ta kama jiki, Sista kuwa ba ta da minti biyar. Haka ta ɗinke ta ɗanya. Ba zan rubuta yadda Anti ta yi ba, ban iya ba. Ƙarfe ɗaya da rabi Sista ta fita fes cikin fararen kayanta, tana cewa gobe za ta cire bandejin.

Washegari ni na riƙe mata kwano. Ta zaro ɗaya, ta zaro na biyu, wayarta ta yi ƙara, ta maƙale ta a kafaɗa tana magana, ta cire safar hannu ta jefa a kwanon. "Je ki zubar." Na tsaya ina kallon kwanon. Na ce a raina, wataƙila biyu ne suka manne suka zama ɗaya. Wataƙila jiya tsoro ne ya ƙara mini lissafi. Wace ce ni? Na je na zubar.

Mata suka yi ta shigowa ganin jaririya. Kowacce sai ta ce wa Anti sannu sau ɗaya, ta ce wa Sista sannu sau uku.

"Awa uku kacal! Haihuwar fari! Kai, hannun Sista akwai albarka."

"Ai ilimi ke nan," in ji Mama. "Da can ta je, da yanzu sun farke mata ciki."

Anti tana kwance a gefe ɗaya, don ba ta iya zama. In ta ce ciwo, Mama ta ce kowa da haka ta haihu. In ta ce ciwon ba irin wannan ba ne, Mama ta ce, "Haihuwa nawa kika yi da kika san iri-iri?" Aka laƙaba wa Anti suna Raki. Har matar maƙwabcinmu ta shigo tana tambaya, "Ya jikin Raki?"

Kwana na uku zazzaɓi ya zo. Sista ta ba ta kafso ja da rawaya. Kwana na huɗu ya ƙaru, ta ba ta kore da fari. A gidanmu in ciwo ya ƙi jin magani, launin maganin ake canzawa. A ranar ne kuma wari ya fara. Na ɗauko tsohon littafin makarantar Sista da nake karantawa a ɓoye, na nemo wurin, na karanta sau uku. Na same ta a ɗakinta tana goge farar rigarta.

"Sista, ranar nan... bandejin nan..."

"Wane?"

"Uku na miƙa miki. Biyu na zubar."

Ta ajiye dutsen guga a tsaye. Ta dube ni tun daga ƙafa har kai. "Shekara goma sha shida ina wannan aikin. Ke shekararki nawa a duniya?"

"Sha takwas."

"To. Waya aka ce ki riƙe, ba a ce ki zama likita ba. Waɗannan littattafan za su haukata ki. Fita ki ja mini ƙofa."

Na je wurin Mama a kicin. Ba ta bari na kai ƙarshe ba. "Yayar taki kike wa sharri? Wadda ta fitar da mu kunya a unguwar nan? Kar in sake jin wannan maganar ko a mafarkinki." Na tare Yaya da yamma yana cire takalmi. Shi ya saurare ni har ƙarshe, in ba shi haƙƙinsa. Ya ce, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata. Ya ce, "To ai Sista ta fi mu sani," ya ciro wayarsa. A ranar ya kwashe matashinsa ya koma falo, wai kukan jaririya na hana shi barci. Jaririyar ba ta cika kuka ba. Ya sayo gwangwanin feshin ƙamshi ya ajiye a ƙofar ɗakin, duk mai shiga ya fesa.

Mahaifiyar Anti tana wani gari mai nisa, ga ciwon ƙafa. Tun kwana na uku Mama ta karɓe wayar Anti don mai jego ta samu hutu. Kullum in uwar ta kira, Mama ce take ɗauka da fara'a. "Lafiya lau, tana barci. Ai tana hannun ƙwararru."

Kwana na shida na kai mata shayi. Ta rame, leɓɓanta sun bushe, idonta ya yi zuru-zuru. Keken ɗinkinta na gefe an ɗora masa kwanukan abincin da ba ta ci ba. Ta kama hannuna, nata kamar garwashi.

"Auta, zauna. Ba sai kin fesa ba, ko kin fesa bai tafiya."

Na zauna.

"Shekara tara ina ɗinki," ta ce. "In na manta allura a jikin riga, ba ni nake fara sani ba, mai rigar ce. Akwai wani abu a jikina. Ke kina wurin. Me kika gani?"

Na so in ce ban ga komai ba. Har na buɗe baki da niyyar haka. Sai na ji kaina ina cewa, "Uku suka shiga, Anti. Biyu suka fito."

Ba ta yi kuka ba. Ta rufe ido na ɗan lokaci, ta ce, "Miƙo mini mayafina da jakar katin. Ki ɗauko mini yarinyar."

Daga ɗakinta zuwa ƙofar gida taku ashirin ne. Ta yi su tana dafa bangon nan da ta dafa ranar naƙuda, sai dai yanzu babu dariya. Ina biye da ita da jaririya. Ta kai hannu ga sakata ke nan Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Ina zuwa?"

"Asibiti, Mama."

"Da izinin wa?"

"Mama, mutuwa zan yi."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Ki je asibiti ki ce musu me? Su tambaye ki wa ya yi miki ɗinki ki ce wa? A ina? So kike a kori Sista daga aiki, a rufe mana ɗaki, a zo a tafi da ita a gaban maƙwabta? Daga zuwanki gidan mutane?"

"Ba zan faɗi sunan kowa ba."

"Ɗinkin zai faɗa."

Anti ta ja sakatar duk da haka. Ƙarfinta bai kai ba. Ta zame ta zauna a ƙasa, ta yi ƙara don ta zauna a kan ciwon. Mama ta kira Yaya a waya, ya zo da gudu, na ce yau dai za a yi. Ya durƙusa a gabanta, har da hawaye a idonsa, ya ce, "Ki ba Sista kwana biyu kawai. Ta ce za ta zo da wata allura mai ƙarfi. Ki rufa mana asiri." Shi ya ɗauke ta cak ya mayar da ita ɗaki. Tun da aka yi aurensu ban taɓa ganin ya ɗauke ta ba sai ranar.

Allura mai ƙarfi ta zo. Sista ta yi mata safe da yamma, tana mita. "Rashin tsafta ne. Ba ta shiga ruwan zafi yadda na ce. Ka yi wa mutum aiki mai kyau ya lalata da ƙazanta." Kwana na bakwai nono ya ɗauke, aka koma ba yarinya madarar gwangwani, Mama ta ce ƴan matan yanzu ba sa son shayarwa. Kwana na takwas ɗinkin ya fara buɗewa da kansa. Mata suka daina shiga ɗakin, suna tsayawa daga ƙofa da mayafi a hanci, suna cewa Allah ya sawwaƙe, wasu jikinsu ba ya son ɗinki.

Kwana na tara da safe na kai mata yarinyar, ta kalle ta ta ce, "Ƴar wa ce wannan?" Haƙoranta suna kaɗawa har gadon na motsi. Yaya ya tsaya a ƙofa ya ga haka, karon farko bai ciro waya ba. Ya ce, "Sista, zan kai ta." A hankali ya faɗa, kamar mai neman alfarma.

Sista ta ce, "To. Amma ba asibitinmu ba. Ka kai ta na can ƙarshen gari. Ku ba ni minti goma."

Ta sa safar hannu, ta ɗauki ƙaramin almakashi da ɗan hantsaki ta shiga. Zuciyata ta yi sanyi, na ce bandejin za ta nema. Na bi ta. Sai na ga zaren ɗinkinta take tsinkewa tana zarewa, ɗaya bayan ɗaya, tana tarawa a tafin hannu. Anti ko motsi ba ta yi, sai nishi.

"Sista, tunda kin buɗe, ki duba can ciki."

"Fita."

Ko ta nema ba ta samu ba, ko ba ta nema ba, ban sani ba. Abin da na ga ta fito da shi zare ne kawai, ta ƙulle a leda ta sa a aljihun farar rigarta. Ba ta bi mu ba. Tana da aiki.

A cikin mota Mama ta koya mana karatu. "Ita kaɗai ta haihu a ɗakinta, kafin mu ankara. Ta ƙaru da kanta. Mun yi mun yi ta zo asibiti ta ƙi. Kun ji?" Yaya ya ce ya ji. Ta juyo ta dube ni. Na gyaɗa kai. Na gyaɗa, ba zan ɓoye ba.

Asibitin cike yake, har a ƙasa akwai mutane. Likitan da ya zo matashi ne, idonsa ja don gajiya, fayil huɗu a hammata. Ya ɗaga zanen, ya kawar da kai, ya tambayi abin da ya faru. Mama ta biya masa karatun ba gargada, har da share ido da gefen mayafi.

"Ku dai ba kwa ji," in ji likita. Anti yake wa faɗa, wadda ba ta san ma yana wurin ba. "Ga asibiti ko'ina, sai ku zauna a ɗaki ku haihu kamar awaki, in ya ruɓe ku kawo mana. Kwana tara! Wane irin jahilci ne wannan?"

"Wallahi likita ka faɗa mata," in ji Mama. "Mu gidanmu gidan masu ilimi ne."

"An sa mata wani abu? An taɓa wurin?"

"Ko kaɗan."

Na ce, "Likita..." Muryata ba ta fi ta sauro ba. Mama ta kama naman cinyata ta murɗe, fuskarta na kallon likita tana murmushi. Ya ce wurin ya kumbura da yawa, a wanke daga waje, a sa ruwa da allurai, jibi in kumburin ya sauka zai duba ciki. Ya rubuta, ya wuce gado na gaba.

Jibi. Na tsaya a baranda ina maimaita kalmar. Na san ba zan iya tsayar da likita ba. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu. Na ari biro a wurin wata mata mai jinyar mijinta, na yagi bayan kwalin magani da na tsinta a ƙasa, na rubuta a jikin bango: "Ba ita kaɗai ta haihu ba. An sa mata ruwan naƙuda kwalba biyu, an danna cikinta, an yi mata ƙari an ɗinke, yau da safe aka zare zaren. An tura bandeji uku, biyu aka cire. Don Allah a duba yau." Ban sa suna ba, nawa ko na wani. Da Mama ta fita alwala, Yaya ya tafi karɓo magani, na soke kwalin a gaban fayil ɗin da ke rataye a ƙafar gadon, na koma baranda.

Wata nas ce mai furfura ta zo auna zafin jiki ta gani. Ta karanta, ta sake karantawa. Ta ja labule ta zagaye gadon, ta ɗaga murya tana kiran likita. Ba a yi minti ashirin ba ta fito da kwano a rufe, ta wuce ta gabana. Ban ga abin da ke ciki ba. Mutanen da ke baranda duk suka toshe hanci.

Anti ta rayu. Na sa wannan a layi shi kaɗai a takardata ta farko, don shi ne abin da na fi son rubutawa. Amma ruɓar ta riga ta haura. Kwana biyu bayan nan aka shiga da ita tiyata aka cire mata mahaifa. Shekararta ashirin da huɗu. Likitan nan da kansa ya ce da an zo ko da kwana huɗu kafin haka, da allura ta wadatar. Ya tsare Yaya da tambaya wa ya karɓi haihuwar. Yaya ya ce shi yana shago. Aka tambayi Mama, ta ce ita tsohuwa ce, ba ta gane waɗannan abubuwan. Gidan masu ilimi ya wayi gari ba wanda ya san komai. Kafin su dawo gida Sista ta kwance gadon ƙarfe, ta naɗe koren labule, tsofaffin katifu sun koma mazauninsu.

Mahaifiyar Anti ta zo da sandarta, ta tare a asibitin, ta karɓi jaririyar, ta ce kada wani daga gidanmu ya sake matsowa kusa da gadon ƴarta. Mama ta ce wannan rashin godiya ne.

Ranar Lahadi da la'asar suka zauna a falo, Mama da Sista da Yaya, da ƙanwar Mama da ta zo jaje. Sista ake yi wa jajen. Ni ina kan kujerar kusa da ƙofa. Maganar ɗaya ce, wa ya rubuta takardar.

"Ƴan baƙin ciki ne," in ji Mama. "Matar maƙwabcin nan, tun da Sista ta sayi mota take ciwon ido."

"Ko nas-nas ɗin can," in ji Sista. "Akwai wadda muka yi makaranta tare, ba ta taɓa ƙaunata ba. Kuma bandejin nan wa ya ce nawa ne? Yarinyar da ba ta jin magana, wa ya san abin da ta tura wa kanta?"

"Kuskure ai na kowa ne," in ji ƙanwar Mama. "Mutum ya karɓi haihuwa ɗari, don ɗaya ta zo da ƙaddara sai a manta da sauran? Ita ma ta gode Allah da ta samu ɗaya. Wasu ko ɗayar ba su da ita."

Can Yaya ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Ni abin da ya fi ƙona mini rai, duk wanda ya rubuta takardar nan ya sani tun farko. Me ya hana shi magana da wuri? Da yanzu matata tana da mahaifarta."

"Ka gani!" in ji Mama. "Munafunci ke nan. Mutum ya ga abu ya yi shiru."

Sista ta gyaɗa kai.

Na ɗago na dube su. Su uku, kowannensu na same shi a kwana na huɗu, ɗaya tana guga, ɗaya tana kicin, ɗaya yana cire takalmi. Sun san mutum nawa ne a ɗakin ajiya ranar. Sun san rubutun wa ke kan kwalin, Yaya ma an nuna masa da idonsa. Amma duk wanda ya ce ni ce, sai ya faɗi ranar da na gaya masa. Don haka Mama ta kalli ƙanwarta, Sista ta kalli farcenta, Yaya ya kalli wayarsa. Aka lissafa maƙwabta gida-gida, aka lissafa nas-nas, har mai gadin asibiti an taɓa. Idon kowa ya zagaya falon nan kaf, in ya zo kan kujerar kusa da ƙofa sai ya tsallake.

Na so in miƙe in yi magana, irin yadda ake yi a littattafai. Na shirya kalmomin, suna nan a maƙogwarona. Ba su fito ba, shi ya sa kuka same su a nan. Ƙanwar Mama ta fara ba da labarin wata mata da ta haihu tara ba ɗinki ko ɗaya, duk suka juya wurinta da murna. Na ɗauki takalmana a hannu, na zare sakatar a hankali don kada ta yi ƙara, na bi hanyar asibiti.